Kamfanin ƙera kayan asibiti ya canja injin ko mai kawo masa kaya: me ke biyo baya?

A 1998 wani kamfani a Faransa, Saint-Gobain Desmarquest, ya canja tanderu. Iyakar abin da suka yi kenan fa. Su ne ke ƙera 'yar ƙwallon nan da ake sa wa mutum a kan ƙashin cinya in an yi masa dashen ƙugu, da wani irin tangaran mai ƙarfin gaske da ake kira zirkoniya, suna sayar wa manyan kamfanonin kayan ƙashi, su kuma su haɗa da nasu ƙarfen su buga sunansu a kai. Da can tanderun nasu irin wanda ake lodawa ne a rufe a gasa a kwashe, sai suka koma dogon tanderu wanda kaya ke shiga ta wannan bakin su fita ta wancan, don ya fi sauri. Sinadari bai canja ba, girman ƙwallo bai canja ba, zanen injiniya yana nan yadda yake. Amma yadda zafi ke hawa da sauka ya canja, shi kuma ya taɓa tsarin cikin tangaran ɗin, sai ga ƙwallaye suna fashewa a jikin mutane shekara ɗaya ko biyu bayan tiyata, ɗaruruwansu. A 2001 aka janye kayan daga kasuwa, kuma kamfanonin da sunansu ke kan kwali su ne suka fuskanci likitoci da marasa lafiya da hukuma, duk da cewa ba su ne suka taɓa tanderun ba.

To kun ga inda maganar take. Lokacin da hukuma ta ba na'ura izinin shiga kasuwa, abin da ta amince da shi shi ne wannan na'urar, da aka yi da waɗannan kayan, a wannan wurin, ta wannan hanyar, aka gwada ta aka ga sakamako kaza. Duk hujjar da kamfani ya gabatar, gwajin ƙarfi ne, gwajin guba ne, gwaji a jikin mutane ne, a kan kayan da suka fito ta wannan hanyar aka tara ta. Ranar da aka canja wani abu a hanyar, hujjar ta fara rawa, sai an sake nuna cewa har yanzu tana tsaye. Kuma canji dole ne, babu kamfanin da zai shekara goma bai canja komai ba: injin zai tsufa, mai kawo roba zai daina yin irin wadda kake saya, za a sayar da masana'anta, haya zai ƙare, wani manaja zai gano inda ake samun kaya da araha. Don haka doka ba ta hana canji, cewa ta yi ka yi shi ido buɗe kuma ka bar shaida a rubuce.

Abin da ke ba ni haushi a harkar nan shi ne tambayar da ake fara yi a ɗakin taro in maganar canji ta taso: shin sai mun sanar da hukuma? Wannan ai ita ce tambayar ƙarshe. In aka fara da ita to kowa ya riga ya san amsar da oga ke so, a'a, sai a koma ana neman dalilan da za a jingina mata. Tambayar farko ita ce me wannan canjin zai iya taɓawa a jikin na'urar, kuma in ya taɓa, me zai samu maras lafiya. Ma'aunin ISO 13485 na 2016, wanda kusan duk duniya a kansa ake tafiyar da tsarin ingancin kayan asibiti, haka ya tsara abin: a duba canji, a gwada, a tabbatar, a sa hannu kafin a aiwatar, kuma a duba tasirinsa a kan kayan da ke kan layi da waɗanda aka riga aka sayar da kuma lissafin haɗari. Lissafin haɗarin nan shi ma da nasa ma'aunin, ISO 14971. Amurka ma da ta daɗe da nata dokar daban ta dawo kan wannan layin, hukumarta ta abinci da magunguna, FDA, ta fitar da sabuwar ƙa'ida a Fabrairun 2024 wadda ta ɗauki ISO 13485 ta sa a cikin dokarta, da wa'adin fara aiki 2 ga Fabrairun 2026.

Bari mu ɗan tsaya a kan kalaman da masu kawo kaya suka fi so: kayan iri ɗaya ne, awo ɗaya, ba abin da ya canja. Yawanci ba ƙarya suke ba, a iya abin da takarda ta ce. Matsalar ita ce takardar awo tana ɗauke ne da abubuwan da wani ya tuna ya rubuta, tsawo da kauri da tauri da launi, amma akwai tarin abubuwan da na'urar ta dogara da su ba wanda ya sani don ba su taɓa canjawa ba. Ɗauki robar da ake yin bututun da ke shiga jijiya. Sunan robar ɗaya, lambarta ɗaya, amma sabon kamfani yana sa wani ɗan sinadari don kar ta manne a ƙarfen da ake zuba ta, ko wani na hana ta lalacewa a zafi, 'yan kaɗan ne ƙwarai, ba sa ma fitowa a takarda. Wannan ɗan kaɗan ɗin yana iya tsatsowa ya shiga jini, yana iya hana gam kamawa a mahaɗa, yana iya sa robar ta yi rawaya ta tsattsage bayan an haska ta da hasken gama don kashe ƙwayoyin cuta. Shi ya sa ma'aunin ISO 10993, wanda ke duba yadda jiki ke karɓar kaya, a kan na'urar da aka gama har aka tsarkake ta yake magana, ba a kan ɗanyen roba a buhu ba. Satifiket ɗin da mai roba ya turo yana da amfani, amma bai san me masana'antarka ta yi wa robar ba bayan ta bar hannunsa.

Labarin Sulzer Orthopedics a Amurka ma kusan haka ne, sai dai su a cikin gida abin ya faru. Sun yi gyara a yadda suke sarrafa wani kofin ƙarfe na dashen ƙugu mai suna Inter-Op, sai ɗan man injin ya riƙa saura a jikin ƙarfen, wanda ido ba ya gani. Shi kuwa kofin an yi shi ne don ƙashi ya tsiro ya kama shi, man ya hana, kofi ya riƙa girgiɗi a jikin mutane. A Disambar 2000 suka janye shi, dubban mutane aka sake yi wa tiyata, aka ƙare da sasantawar da ta kai wajen dala biliyan 1 a 2002. Duk awon da ake yi a ƙarshen layi kofin yana cinyewa, don ba wanda ke auna mai, tun da a tsohuwar hanya mai ba ya saura.

A nan ne maganar tabbatar da tsari ke shigowa. Akwai ayyukan da ba za ka iya duba sakamakonsu a kan kowace na'ura ba sai ka lalata ta: walda, liƙe bakin fakiti, gam, wanki, kashe ƙwayoyin cuta. Ba za ka buɗe kowane fakiti don ka ga ko akwai ƙwayar cuta ba, in ka buɗe ai ka ɓata. Don haka sai a tabbatar da hanyar kanta, a nuna an kafa injin daidai, a nuna yana fitar da kaya mai kyau ko an kai shi ƙarshen zafi da ƙarshen matsi da aka yarda, sannan a nuna yana maimaita hakan rukuni bayan rukuni da ma'aikata na gaske da kaya na gaske. 'Yan harkar suna ce musu IQ da OQ da PQ. In ka ɗauke injin daga wannan ginin zuwa wancan, ko ba ka kwance ko noti ɗaya ba, wuta ta canja, ruwa ya canja, laimar iska ta canja, hannun da ke aiki ya canja, dole a zauna a yanke wanne za a sake a cikin ukun, kuma in an ce ba za a sake ba a rubuta dalili. Odita ba ya faɗa da mutum don ya yanke hukuncin ƙin sake gwaji, abin da yake kamawa shi ne hukuncin da ba dalili a bayansa, ko dalilin da aka rubuta wata shida bayan an gama canjin.

Sai bayan an yi duk wannan ne tambayar hukuma ke da ma'ana, kuma amsarta ta danganta da ƙasa da kuma ajin na'urar.

A Amurka yawancin na'urori masu matsakaicin haɗari ta hanyar 510(k) suke shiga, wato ka nuna taka ta yi daidai da wata da ke kasuwa. Dokar ta ce sai ka sake kai sabuwar takarda in canjin zai iya taɓa aminci ko ingancin aikin na'urar sosai, ko ya canja abin da aka yi ta dominsa. Wa zai yanke ko sosai ne? Kamfanin da kansa, a karon farko. An daɗe ana ja a kan wannan, FDA ta fitar da wani daftari a 2011 da ya tsananta, kamfanoni suka yi ca, majalisa ta sa aka janye shi a 2012, sai a Oktoban 2017 aka samu jagoran da ake bi yanzu, da wani daban na manhaja. In kamfani ya ga ba sai ya kai ba, sai ya rubuta hujjarsa ya ajiye a fayil, ranar da masu bincike suka zo su karanta. Abu biyu ne mutane ke yawan tuntuɓe a kansu. Na ɗaya, kalmar ita ce zai iya, ba ya yi ba, wato in canjin irin wanda zai iya taɓa aminci ne, cin gwajin da ka yi bai wanke ka ba, sakamakon gwajin shi ne abin da za ka kai musu su gani. Na biyun ya fi zama tarko: ba da na'urar jiya ake kwatanta ta yau ba, da wadda hukuma ta gani ta amince ake kwatantawa. Bana an canja gam an ajiye takarda, baɗi an canja roba an ajiye takarda, an rage kauri kaɗan, an canja mai yin fakiti, kowanne shi kaɗai ƙarami ne, amma bayan shekara bakwai abin da ke kasuwa ya yi nisa da abin da ke fayil ɗin FDA, kuma ba ranar da wani ya zauna ya yanke shawarar yin hakan.

Na'urori masu babban haɗari, irin na'urar daidaita bugun zuciya ko bawul ɗin zuciya, su ta hanyar PMA suke, wato neman cikakken izinin FDA kafin shiga kasuwa, kuma a can igiyar gajera ce. Canjin hanyar ƙira da ya shafi aminci, har da sauya mai kawo wani muhimmin ɓangare, yawanci sanarwar kwana 30 ake kaiwa a jira, in FDA ta ga bayanin bai isa ba ta mayar da ita ta kwana 135. Komawa sabuwar masana'anta ko babban gyaran zane kuwa ƙarin takarda ce ta kwana 180, kuma suna iya cewa sai sun zo sun ga sabon wurin da idonsu. 'Yan ƙananan gyare-gyare ne kawai ake tarawa a faɗa a rahoton shekara.

Turai tsarinta daban, ba hukumar gwamnati guda ke ba da izini ba, akwai kamfanonin tantancewa da gwamnatoci suka naɗa, irin su TÜV SÜD da BSI, su ke ba da satifiket ɗin da ake buga alamar CE da shi. Su ake sanar wa in za a yi babban canji a tsarin inganci ko a na'urar. Amma akwai wani ƙulli da ya matsi kamfanoni da yawa tun da sabuwar doka, MDR 2017/745, ta fara aiki a 26 ga Mayun 2021. Na'urorin da ke da satifiket na tsohuwar doka an bar su su ci gaba da zama a kasuwa na ɗan lokaci, a 2023 aka ƙara wa'adin zuwa ƙarshen 2027 ga masu babban haɗari da ƙarshen 2028 ga saura, bisa sharaɗin kar a yi musu babban canji a zane ko a manufa. Jagoran Tarayyar Turai mai lamba MDCG 2020-3 shi ke fayyace wanne ne babba. Sauya mai kawo kaya alhali kayan na cika awo ɗaya, ko ƙaura zuwa wani gini, galibi ba sa karya sharaɗin, amma sauya hanyar kashe ƙwayoyin cuta yana karyawa. To ka ga kamfanin da mai kawo masa kaya ya daina yin wani abu, wanda zai maye gurbin kuma ba iri ɗaya ba ne, ba laifinsa ba ne amma na'urarsa ta fita daga inuwar tsohon satifiket, sai ta bi layin sabuwar doka tun daga farko, layin kuma dogo ne.

Yanzu haɗa wannan da Japan, inda ake raba canji gida biyu, wanda sai an nemi amincewa kafin a yi da ƙarami wanda ake sanarwa cikin kwana 30 bayan an yi, ga Kanada da ke son a gyara lasisi kafin babban canji a na'urorin aji na 3 da na 4, ga Brazil ga Sin kowa da nasa. Canji ɗaya ne a masana'anta ɗaya, amma wata ƙasa ta ce ajiye a fayil, wata ta ce sanar da mu, wata ta ce tsaya sai mun amsa, amsar kuma tana iya cin shekara. Ma'ana akwai lokacin da kamfani ke da na'ura iri biyu a sito, tsohuwa da sabuwa, kamarsu ɗaya sak, kuma in kwali ɗaya na sabuwar ya faɗa jirgin ƙasar da ba ta amince ba tukuna, an sayar da kaya marar izini kenan. Wannan ɓangaren ba injiniya ke riƙe da shi ba, mai sito ne da mai shigar da oda a kwamfuta, kuma su ne ake mantawa a gayyata taron.

Duk abin da na faɗa zuwa nan ya ginu ne a kan cewa kamfani ya san an yi canjin. Mafi munin canji shi ne wanda ba a gaya maka ba. ISO 13485 ya ce a sa a rubutacciyar yarjejeniya cewa mai kawo kaya zai sanar kafin ya canja abin da zai taɓa kayan, tsohuwar dokar FDA ma ta faɗi haka, amma ta ƙara da cewa inda zai yiwu, kuma wannan inda zai yiwu ɗin gaskiya ce mai ɗaci. Kamfanin na'urar asibiti a wurin mai yin roba ko mai yin cip ɗin lantarki ƙaramin kwastoma ne, abin da zai saya a shekara masu motoci da wayoyi suna kwashe shi a 'yan kwanaki, ga shi kuma ya fi kowa yawan takardu da barazanar kotu. An ga haka ƙarara a ƙarancin cip na 2020 zuwa 2022. An ma ga wanda ya fi shi a farkon shekarun 1990, lokacin da shari'o'in dashen silikon da na muƙamuƙi suka sa kamfanonin DuPont da Dow Corning suka janye daga sayar da kayansu don abin da za a dasa a jiki na dindindin, har majalisar Amurka ta yi doka a 1998 don kare masu sayar da ɗanyen kaya daga irin waɗannan ƙararraki. A Disambar 2022 kuma kamfanin 3M ya ce zai bar yin sinadaran da ake kira PFAS zuwa ƙarshen 2025, su kuwa dangin robar nan mai santsi suna cikin bututai da wayoyin da ake zurawa a jijiya. Irin waɗannan ba sa neman izininka, wasiƙa ce za ta zo ta ce daga wata kaza mun daina, ga damar saye na ƙarshe.

Kuma ko an sa hannu a yarjejeniyar, sai an fassara me ake nufi da canji. A wurin mai kawo kaya, sauya wanda yake sayen ɗanyen kaya a hannunsa ba canji ba ne, sabunta mazubin roba da ya tsufa gyara ne kawai, komawa ɗaya masana'antarsu ta wata ƙasa harkar cikin gida ce. In ba a jera masa su ɗaya bayan ɗaya a takarda ba, da tsawon lokacin sanarwa, wallahi ba zai faɗa ba kuma a ganinsa bai yi laifi ba. Wani lokacin ma ya faɗa ɗin, sanarwar ta tafi wurin dillalin da ke tsakani, ko ta faɗa imel ɗin ma'aikacin sayayya da ya bar aiki bara. Ni a ganina kamfanin da ke son ya san lafiyar tsarinsa ya bar duba kyawun fom ɗinsa, ya ɗauki sanarwa guda da ta shigo ya bi sawunta, ya ga kwana nawa ta yi kafin ta isa teburin wanda ya san abin da take nufi.

Fakiti ma na'ura ne, wannan mutane ba sa ɗaukarsa da gaske. Exactech a jihar Florida sun janye kayan dashen gwiwa da idon sawu a 2021 da 2022 saboda ledar da ake rufe robar dashen a ciki ba ta da wani shafi na biyu da ke tare iskar oksijin, kuma abin ya faro tun 2004. Iska ta riƙa shiga a hankali robar tana lalacewa tun tana kan kanta, a jiki kuma ta riƙa cinyewa da wuri. Shekaru goma sha bakwai ana karɓar leda ana zuba kaya ba a lura cewa ba ita ce aka rubuta a awo ba. Kamfanin ya shigar da takardar karyewa a 2024.

Sai masu kashe ƙwayoyin cuta, wanda yawancin kamfanoni kwangila suke bayarwa. Kusan rabin kayan asibiti da ake tsarkakewa a Amurka da iskar etilin oksaid ake yi, a 'yan wurare ƙalilan. A Fabrairun 2019 hukumomin jihar Illinois suka rufe masana'antar Sterigenics da ke Willowbrook saboda iskar da take fitarwa, cikin 'yan makonni aka shiga ƙarancin wani bututun numfashi mai suna Bivona da ake sa wa yara a maƙogwaro. Wani zai ce ai sai a kai wani wurin. Ba haka ake yi ba, kowane ɗakin iska da halinsa, yadda aka jera kwalaye ma yana canja yadda iska ke ratsawa, sai an sake nuna cewa an kai matakin da ake nema, wato yiwuwar samun ƙwayar cuta mai rai bai wuce ɗaya cikin miliyan ba, a kuma nuna iskar da ta saura a kayan ba ta wuce kima ba, sannan a bi ta hukuma. Kamfanonin da suka riga suka tantance wuri na biyu tun ana zaman lafiya su ne suka tsira. Tsada gare shi, shi ya sa ake ta ɗagewa.

Hatta canjin da aka yi don gyara yana buƙatar nasa binciken. Philips ta janye miliyoyin injinan taimakon numfashi a Yunin 2021 saboda soson rage ƙara da ke ruɓewa a ciki, ta maye shi da soson silikon, kafin shekarar ta ƙare FDA ta nemi a sake gwada shi sabon soson a wurin masu gwaji masu zaman kansu. Gaggawa ba ta ɗauke wa sabon kaya nauyin hujja.

Game da zuwa duba masu kawo kaya kuwa, abin da ya canja tunanin Turai shi ne badaƙalar PIP, kamfanin Faransa da ya riƙa cika dashen nono da silikon ɗin masana'antu maimakon wanda aka amince da shi, in masu bincike za su zo, da yake suna sanarwa, sai a ɓoye. A 2010 asiri ya tonu, a 2013 kotu ta yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara 4. Wannan zamba ce tsagwaronta, ba kuskuren tsari ba, amma ita ta haifar da binciken ba-zata, wanda MDR ta ce a yi aƙalla sau ɗaya a shekara 5, kuma masu tantancewa suna iya dira har wurin muhimmin mai kawo maka kaya ko ɗan kwangilarka. Don haka in za ka ɗauki sabo, a cikin yarjejeniya sai ya yarda zai buɗe musu ƙofa, in ya ƙi, satifiket ɗinka ne a kan layi ba nasa ba.

Hukumomin ma sun fara gane cewa tsananta canji yana da nasa illar, in sauya kaya ya yi wuya ƙwarai kamfani zai liƙe wa tsohon abu ko da akwai wanda ya fi shi, ko ya janye na'urar gaba ɗaya in ribarta ba ta kai wahalar ba. A 2022 Amurka ta ba FDA ikon amincewa da tsarin canji tun gaba, wato ka faɗa musu irin gyaran da kake hangowa da yadda za ka gwada shi, in sun yarda ka yi ba sai ka dawo ba, an fi amfani da shi a manhajoji masu koyo. Turai kuma daga Janairun 2025 ta wajabta wa kamfani ya sanar wata 6 kafin yankewar kayan da rashinsu zai cutar da marasa lafiya.

Abu na ƙarshe da ake yawan sakaci da shi shi ne bayan an aiwatar. A rubuta lambar rukunin farko da ya fito ta sabuwar hanya, da ainihin rukunin ɗanyen kayan da ya shiga cikinsa, kar a gauraya tsoho da sabo a rukuni ɗaya don kawai a ƙarar da ragowar da ke sito. Sannan masu karɓar koke-koke su san an yi canjin da ranar da aka yi shi, su riƙa raba ƙorafin kafin da na bayan, don ƙaruwar da ba ta taka kara ta karya ba in an haɗa duka tana iya fitowa fili in an ware sabbin rukunai kaɗai. In ta kai ga janyewa, wannan lambar ce za ta nuna ko rukuni biyar za a kira ko duk abin da aka sayar a shekara uku, kuma a na'urar da ake dasawa a jiki sa idon yakan ɗauki shekaru, tun da wata matsalar ba ta bayyana sai an daɗe da rufe fayil ɗin canjin.